Ƙoda Ɗaya don Yaya

Likita bai ɓoye mini komai ba. Ya ce jinina da na Yaya sun dace, ƙodata lafiya lau, zuciyata lafiya lau. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: duk ranar da aka auna ni a asibitin, sai a tarar jinina ya hau.

"Idan hawan jini gare ki, ba zan cire miki ƙoda ba," in ji shi. "Ko da kuwa yayanki ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ba za mu tayar da ɗaya mu kwantar da ɗaya ba."

Na ce, "Likita, ni ba ni da hawan jini. Yaya nake da shi."

Ko murmushi bai yi ba. Ya kira nas, ta naɗa mini abin awo a damtsen hagu, ta ratsa bututun roba ta cikin rigata, ta ɗaura mini wani ɗan akwati a ƙugu. Ta ce in tafi da shi gida, in yi aikina yadda na saba, yini da kwana. Kowane rabin awa abin zai kumbura da kansa ya matse ni. Da zarar ya fara, in tsaya cak, in saki hannun, in yi shiru har ya gama. Washegari in dawo, akwatin zai faɗi gaskiya. In awon ya yi kyau a sa ranar tiyata. In bai yi ba, shi ke nan, Yaya ya ci gaba da wankin ƙoda, kuma ni da kunnena na ji Likita yana gaya wa matarsa cewa jikinsa ya fara gajiya da wankin. An gwada matar, an gwada ƙanenmu, babu wanda ya dace sai ni.

Bari in gaya muku waye Yaya. Malamin lissafi ne kafin ciwo ya zaunar da shi, kuma har yau duniya gaba ɗaya aji ce a wurinsa. Mutum ne da zai tsaya a ƙofar majami'a bayan sujada ya gaya wa Fasto inda wa'azinsa ya yi tsawo. Ka kawo masa ruwa ya ce kofin bai wanku ba, ka wanke ya ce ka ɓarnatar da sabulu. Shi ya sa mini suna Ashana tun ina ƙarama, wai ƙyastawa ɗaya nake kamawa, sunan kuma ya bi ni har gidan miji. Ba zan yi musu ba, ina da zuciya. Amma kuma ashana ba ta kama kanta, sai an ƙyasta.

Tun da ya kwanta ciwo na ɗauki alkawari a gaban Ubangiji ba zan ƙara mayar masa da magana ba. Na kuwa riƙe. Ya faɗi son ransa in ce, "To, Yaya." Ya ƙara in ce, "Allah ya ba mu haƙuri, Yaya." Har matan zumunta na majami'armu suna ba da misali da ni. Ba wanda ya san in na koma gida tukwane ne ke shan wahala.

Daga asibiti na wuce shagona kai tsaye. Ni tela ce, shagon ɗaki ɗaya ne a bakin titi: keken ɗinki biyu, teburin yanka, dutsen guga, da dogon benci na masu jira. Ina cikin buɗe taga sai ga Mama Fasto, matar Fastonmu, ta zo karɓar rigarta da na rage wa hannu. Tana gwadawa abin ya fara kumbura. Na ƙame a tsaye da allura a baki har ya saki, sannan na ba ta labari.

Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Ashana, haƙurin nan naki iyakarsa fuska."

"Haba Mama! Ni da ko uffan ba na ce masa?"

"Baki ya yi shiru, ciki yana tafasa. Mu kin rufe mana ido, amma wannan akwatin ba ɗan zumunta ba ne, ba ya jin kunyarki. Me kike cewa in kina masa addu'a?"

"Ina cewa Ubangiji ya gyara halinsa."

"Wannan ai ƙara kike kaiwa. Yau duk sanda abin nan ya matse ki, tun da dole ki yi shiru, ki roƙa masa abu ɗaya mai kyau. Ƙarami, wanda kika san yana bukata. Halinsa kuma ki bar wa Mai shi."

Na ce to, don dai ta tafi. A raina cewa na yi yau ai babu wahala, ba ranar wankinsa ba ce, yana gida a kwance, ni ina nan da kekena. Na kunna rediyo ƙasa-ƙasa, na fara kalmasa wani siket.

Hantsi bai gama ɗagawa ba tasi ta tsaya a ƙofar shagon. Da na ga sandar da ta fara fitowa, gabana ya faɗi. Mutumin da rabonsa da shagon nan tun ranar da na buɗe shi, ranar ma cewa ya yi allon sunan ya karkace. Ga shi nan yana jan ƙafafu kumburarru cikin silifa, wuyansa ya rame, rigar da na ɗinka masa bara tana lilo a jikinsa.

"Yaya! Lafiya? Ina Anti?"

"Sai na nemi izinin matata kafin in fita? Gidan ne ya ishe ni. Kashe rediyon nan."

Na kashe. Ya zauna a kan benci, daidai inda zai riƙa kallon hannuna, ya jingine sandar, ya gyara agogonsa. Na kawo masa matashi ya ce yana warin mai. Na tambaye shi ko ya sha magani ya ce in kula da ɗinkina da ya karkace.

Bai karkace ba. Na duba sau biyu.

"Shekara nawa kina wannan sana'a, Ashana, har yanzu layi madaidaici ya gagare ki? Dama tun a makaranta haka kike. Kan nan sai kitso."

"To, Yaya."

Abin ya fara kumbura. Na cire ƙafa daga kan keke, na saki hannu. Yana matsawa ina jin bugun jinina har cikin kunne, dum, dum, dum. Na tuna maganar Mama Fasto. Na ce a zuci, Ubangiji, ka ba shi... Abin da ya fara zo mini shi ne dishewar murya. Na yi sauri na janye. Na kalli ƙafafunsa, na ce, ka sa kumburin nan ya sauka. Allah ya sani da ƙyar ta fito, amma ta fito.

Haka muka yini. Sai ya yi shiru na ɗan lokaci, ya lumshe ido, har in ce barci ya ɗauke shi, sai kawai ya farka da sabuwa. Ya taɓo mijina, wai mutumin da ya shekara yana gyara mota ɗaya ba makaniki ba ne, mai gadin mota ne. Ya taɓo babban ɗana, wai ya ga makinsa, gado ba ya ɓuya. Ya taɓo waƙar da nake jagoranta ranar Lahadi, wai duk sanda na ɗaga murya yara na neman iyayensu. Ni kuwa in ce to, abin ya matse, in lalubo addu'a. Ka ba shi barci mai daɗi. Ka sa abinci ya zauna masa. Ka sa allurar gobe ta shiga sau ɗaya. Wata addu'ar da haƙora a cije na yi ta, ban san ko irin wannan tana wuce rufin shago ba.

Da rana wata mai kaya ta shigo. Ma'aikaciyar banki ce, sabuwar kwastoma, ta kawo mini yadi mai tsada tun makon jiya, ta zo a gwada kafin in yanka hannun. Ina auna kafaɗarta da tef, Yaya ya yi gyaran murya.

"Baiwar Allah, yadin naki ne?"

"Nawa ne, Baba."

"Ayya. Kina da wani a gida dai ko?"

Matar ta dube shi, ta dube ni. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na ce yayana ne, wasa yake. Ya ce shi ba ya wasa da dukiyar mutane, ya dai ga abin da na yi wa rigar matarsa. Ƙarya ce tsagwaronta, rigar nan Anti har yau ita take sawa in za ta fita kunya. Matar ta ce bari dai ta tafi da yadin ta sake tunanin salon. Ta ninke abinta a gabana, ta sa a jaka, ta fita.

Kai! Na cika na yi fam. Wuyana ya yi zafi. Na koma teburin yanka na jawo wani yadi na ɗauki babban almakashi, don in ban ba hannuna aiki ba, bakina zai samu.

"Kin ga ni?" in ji shi. "Ko baƙuwa ta gane."

"Yaya, don girman Allah. Yau ɗaya. Ka san abin da ke jikina."

"Na sani mana. Wahalar banza ce." Ya ɗaga hannu ya dubi agogo, ya sauke. Sai ya ce, a hankali, kalma bayan kalma, "Ke da cikinki ya kasa riƙe ɗa har ya fito da rai, shi ne zai ba ni ƙodar kirki?"

Idona ya rufe.

Yarinyar nan ita ce ta biyu a wurina, ba ta yi kuka ba ko sau ɗaya. A gidanmu ba a maganarta. Mijina ma in ya zo kusa da zancen sai ya kauce. Na juyo da almakashi a hannu, bakina cike da maganganun da na tara tun ranar da na ɗauki alkawarin nan, kuma na san wadda zan fara da ita, wadda in ta fita babu mai mayar da ita. Na buɗe baki ke nan, akwatin ƙuguna ya yi ƙara, abin ya fara kumbura.

In na yi magana awon ya lalace. In na yi shiru kuma ga abin da zai rubuta. Na tsaya. Na saki hannun hagu, na dama yana riƙe da almakashi har ƙarfen yana cin yatsana. Abin ya matse, ya ƙara matsewa. Na nemi addu'a na rasa. Babu abu mai kyau ko ɗaya da nake so wa mutumin nan. Iyakar abin da na iya cewa shi ne, Yesu, ka dube shi, ni na kasa.

Sai ni ma na dube shi.

Ba ni yake kallo ba. Mutumin da ya yi maka irin wannan magana fuskarka yake kallo, ya ga ko ta shiga. Shi akwatin yake kallo. Daga akwatin ya koma agogo, daga agogo ya dawo akwatin, leɓensa na motsi yana lissafi. Nan take yinin gaba ɗaya ya dawo mini: shirun da yake yi, lumshe idon, da yadda kowace baƙar magana take zuwa gab da abin zai kumbura, ba a taɓa samun kuskure ba. Na kuma tuna shi ne ya ɗauki 'yar gawar nan a hannunsa ranar, domin mijina ya kasa, da yadda na ji shi a bayan ɗaki yana kukan da bai so kowa ya ji ba.

Abin ya saki iska. Na ajiye almakashin a kan tebur, na ture shi can nesa.

"Yaya, so kake in faɗi awon nan."

"Ke kika sani."

"Ka auna lokacin. Tun safe kake aunawa."

"Kada ki kawo mini shirme."

Na jawo kujerar keke na zauna a gabansa, gwiwa da gwiwa. Abin mamaki, zafin wuyan nan yana sauka da kansa. Raina dai a ɓace yake, ba zan yi ƙarya ba, amma ba na tafasa.

Na ce, "Maganar da ka faɗa ta yi mini ciwo. Ta fi duk wadda ka taɓa faɗa mini. Kuma ka kore mini kwastoma da ƙarya. Yau ba zan ce maka 'to' ba, ba kuma zan zage ka ba. Amma kada ka ƙara sa yarinyar nan a bakinka."

Ya kawar da kai wajen titi. Wata babbar mota ta wuce, gilashin taga ya yi rawa. Da ya yi magana, muryar ba ta malamin lissafi ba ce.

"'Ya'ya uku gare ki. Ƙaramin ko takalmi bai iya ɗaurawa ba. In wani abu ya same ki a kan teburin tiyata, in ce musu me? In ce na cinye uwarku?"

"Ai da sai ka faɗi haka."

"Na faɗa wa Likita, ya ce lafiyarki ce za ta yanke. Na faɗa wa matata, ta yi ta kuka. Ke kuwa in na ce kada ki yi, ranar za ki kai kanki. Na san ki." Ya share hanci da bayan hannu. "Kuma ni ban iya karɓa ba, Ashana. Ni nake bayarwa a gidan nan. Ni na goya ki. Yanzu in riƙa yawo da abinki a cikina, duk fitsarin da na yi in ce na gode?"

Dariya ta kusa ƙwace mini, hawaye ya riga ta.

"Yaya, ba don kana da daɗin zama zan ba ka ba. Ba ka da shi, kowa ya sani. Ni ma da Ubangiji ya jira in yi daɗin zama kafin ya hau gicciye, da har yanzu yana jira. Tsoro kuwa ina ji. Tun da aka ce na dace ban yi barcin kirki ba. Na kai wa Ubangiji tsoron, na kai masa yaran, mijina ya amince. Kai kaɗai ka rage. In ba ka so, ka buɗe baki gobe ka gaya wa Likita a gabana. Amma ba za ka sa akwati ya faɗa maka ba."

Na kama hannunsa. Ya fizge. Na sake kamawa, wannan karon ya bari, ko don ƙarfinsa ya ƙare ne. Muna haka abin ya sake kumbura. Na yi shiru, shi ma ya yi shiru, muka zauna muna jin ƙarar ɗan injin. Addu'ar ta zo da kanta ba tare da na lalubo ba: ka cire masa tsoro. Da abin ya saki sai na ga bai dubi agogo ba.

Kada ku ɗauka ya zama mala'ika. Kafin la'asar ya ce shagon yana da zafi, ya ce shayin da na sayo masa ruwan wanki ne, ya ce direban tasin da na tsayar masa bai yi kama da mai lasisi ba. Na ce masa shayin dai ka shanye shi tas. Ya harare ni, ya shiga motar. Ban san me ya yanke ba, ban kuma tambaya ba. Na koma na gama siket ɗin, na rufe shago da wuri.

Washegari a ofishin Likita mu uku ne: ni, Yaya da Anti. Nas ta cire mini abin, damtsena duk ya yi shatin ja. Likita ya haɗa akwatin da kwamfuta, ya daɗe yana kallo, yana gungura abin hannunsa sama da ƙasa. Anti ta riƙe bakin mayafinta tana murzawa.

"Jiya da rana me ya faru?" in ji Likita. "Akwai wurin da ya yi tsalle sosai."

"Baƙo na yi," na ce.

Ya dube ni ta saman tabarau, ya dubi Yaya, ya mayar da ido kan kwamfuta.

"Daga nan kuma ya sauka, bai sake hawa ba har safiya. In aka haɗa duka, lafiya lau ne. Ba ki da hawan jini." Ya juya kujerarsa. "Malam, saura kai. Ba na yi wa mutum aiki sai ya ce yana so."

Anti ta buɗe baki, na taɓa gwiwarta ta rufe. Yaya ya dafa sandarsa da hannu biyu, ya sunkuyar da kai. Na riga na faɗi tawa jiya. Na ɗora hannuwana a cinya, na jira.

"Ba zan gode miki ba," ya ce, bai ɗago ba.

"Ban tambaya ba, Yaya."

"In kuma kika mutu, ba zan yafe miki ba."

"Na ji."

Ya ɗago ya dubi Likita. Idanunsa sun yi ja.

"Guda biyu ne da ita ko?"

"Biyu ne."

"To ku duba da kyau, ku auna, kada ku yi mini aikin gaggawa." Ya nuna ni da sandarsa. "Wadda ta fi lafiya ku bar mata. Ni ku ba ni ɗayar."